Kashe Uba a Shafi na Biyar: Maraici a Littattafan Soyayya

Tsohon ƙorafin nan na cewa littattafan soyayya suna ɓata tarbiyya ya tsufa, har masu yin sa sun fara gajiya. Wanda ke yawo yanzu a bakin ɗaliban jami'a da wasu malamansu shi ne wai marubutanmu ba su da wata dabarar kama zuciyar mai karatu sai kashe uba. Ka buɗe littafi, kafin shafi na biyar Malam ya rasu, baffa ya danne gado, yarinya ta koma wanke-wanke a gidan da ba a ƙaunarta, sai ga saurayi ya ɓullo. Suna kiran wannan lalaci da neman hawaye da arha. Ni ina ganin a nan ne waɗannan littattafai suka fi faɗin gaskiya game da rayuwar Bahaushe, kuma wanda ya kira shi lalaci bai tsaya ya duba aikin da mutuwar take yi a cikin labarin ba.

Wannan gardama tamu ce mu mutanen kudancin Katsina tun asali. Wanda ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica, shi ne Ibrahim Malumfashi, wanda ya yi ta fafatawa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a jaridu cikin shekarun 1990, har ya kai ga yi wa adabin jana'iza a rubuce. Ibrahim Sheme, mutumin ƙasar Faskari, shi ya buɗe wa mahawarar fili a jarida. Ɗaya daga cikin waɗanda 'yan mata suka fi rububin littattafanta a lokacin kuwa ita ce Bilkisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa na 1994, da Wa Ya San Gobe da Ki Yarda da Ni da suka biyo baya. Garin mai suka da garin wadda ake suka, Bakori kawai ce a tsakaninsu. Jana'izar dai ba ta yi ba. An ƙona littattafai a Kano a 2007, takarda ta yi tsada, shagunan hayar littattafai sun rufe, amma labaran suka koma WhatsApp da Wattpad da YouTube suna ci gaba da haihuwa.

Maraici kuwa ya girmi Adabin Kasuwar Kano nesa ba kusa ba. Marainiyar tatsuniya da kishiyar uwarta kowa ya san su tun yana kan cinyar kaka. A cikin littattafan gasar rubutun Hausa ta 1933, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin maraya ne daga farko har ƙarshe: uban ya rasu tun Umar yana ciki, uwar, mutuniyar Fatika, ta ƙare rayuwarta tana bin sawun ɗanta da aka sace, ta same shi, ba ta daɗe ba ta cika. Ba wanda ya taɓa cewa Tafawa Ɓalewa ya yi lalaci. A 2019 ma labarin da ya ci gasar Hikayata ta BBC Hausa sunansa Maraici, na Safiyya Ahmad. Abin da marubutan soyayya suka ƙara shi ne ɗaure maraicin da son farko, kuma wannan ɗaurin nake karewa.

A ƙasar Hausa yaro da yarinya ba sa aurar da kansu. Magabatan saurayi ke zuwa neman aure, waliyyin yarinya ke bayarwa. Saboda haka duk labarin soyayya a wurinmu, ko marubuci ya so ko bai so ba, labarin uba ne. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, gidan su Sumayya ne katangar da ke tsakaninta da Muhammad. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, uban Abu ne ya cire ta daga makaranta ya kai ta gidan tsoho. Uba yana nan, shi ne matsala. To idan aka ɗauke shi fa? Ikon ba ya mutuwa tare da shi, hannu kawai yake sakewa. Ya koma wurin baffa, wanda ke da nasa 'ya'yan da nasa bakunan ciyarwa, wanda aurar da marainiya da wuri ragin ɗawainiya ne a gare shi. Shi kuma saurayi maraya tambaya ɗaya ke jiransa a ƙofar gidan budurwa: wa zai shige masa gaba? Mutuwar uban ita ke juya dukkan labarin. Cire ta, ka ga ko akwai abin da ya rage.

Yanzu ga dabarar da ta fi burge ni, wadda masu suka ke tsallakewa don ba ta da hayaniya. Bahaushe ba ya bayyana baƙin ciki da dogon zance. An yi wanka, an yi sallah, an kai mutum makwanci a ranar da ya rasu. Maza a kan tabarmi a ƙofar gida, mata a ciki. Mai zuwa ya ce ya haƙuri, a ce masa da godiya. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, uwa ta ci gaba da takabarta har wata huɗu da kwana goma. Duk wannan tsari an gina shi ne don a riƙe hawaye, kuma marubuciyar da ta san aikinta ba ta karya shi. Ba ta sa yarinya ta tsaya tsakar gida tana jawabi a kan raɗaɗin zuciya, irin na fim ɗin Indiya. Gurbi take nunawa.

Za ka ga uwa ta kwashe tuwon dare ta zuba a kwanuka, sai da ta rufe kwanon Malam sannan ta tuna. Za ka ga ƙaramin ƙane ya ji ƙarar babur da magariba ya ruga zaure. Za ka ga safiya ta yi, lokacin da ake ajiye kuɗin cefane a bakin taga ya wuce, ba wanda ya ce komai, sai Inna ta ɗauko zaninta na biki ta aika da shi gidan dillaliya. Wadda ta fi duka kaifi ita ce ta suna. Yarinyar da aka sa wa sunan kakarta, uba ba ya iya kiran sunan don kunya, sai ya ce Ummi, ko Mamana, ko Hajiya. Wannan kira nasa ne. Ran da ya tafi, a gidan baffa sunanta na yanka za a riƙa ƙwala mata, daga madafa zuwa bakin rijiya. Marubuciya ba ta buƙatar ta ce yarinyar ta yi kewar ubanta. Duk lokacin da aka ƙwala sunan, mai karatu ya ji.

Daga nan sai ka lura ta wace ƙofa saurayi ke shigowa. A littattafan da suka amsa sunansu, ba kyansa ko motarsa ke kama ta ba. Shi ne mutum na farko tun bayan rasuwar da ya tambaye ta ko ta ci abinci. Shi ne ya ji an kusa rufe biyan kuɗin NECO ya tambaya ko an biya nata. Wani lokaci ma, ba tare da ya sani ba, sai ya kira ta da irin sunan da uban ke kiranta, ta rasa abin da ya sa jikinta ya mutu. Rashin uwa ake uwar ɗaki, in ji Hausawa. Son farko a waɗannan labarai ci gaban makoki ne ta wata hanya, kuma haɗarinsa ke nan: yarinyar ba ta iya bambance ko mijin aure take so ko wanda zai zauna inda Baba ya tashi. Ƙwararrun marubuta sun san da wannan, shi ya sa sau da yawa auren ba ya ƙare labarin, rikici na biyu yake buɗewa. Anti Bilki ta yi suna da jarumai mata masu neman ilimin boko da na addini har su tsaya da ƙafafunsu a cikin gidan aure. Wannan ita ce amsar da al'adar rubutun ta samo wa matsalar: yarinya ta zama wata abu da kanta, don kada ta mayar da miji uba.

Akwai tarkace, ban musa ba. Akwai masu kashe iyaye biyu a hatsarin mota ɗaya don kawai a share wa ɗan Alhaji hanya. Amma da mafi kyawun abin da wani fanni ya haifa ake auna shi, ba da na ƙarshen layi ba. Masu cewa kuma an cika yawan marayu, su zaga Funtuwa su ga waɗanda suka baro ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume saboda 'yan bindiga, su ƙirga gidajen da mace ce ke riƙe da su. Littattafan ma ba su kamo yawan marayun da ke ƙasa ba.

Inda nake da ƙorafi na kaina shi ne duk wannan gwaninta a kan 'ya mace ta ƙare. Yaron fa? Ɗan shekara sha biyar da ya bi gawa maƙabarta, ya dawo aka zaunar da shi cikin dattawa ana ce masa yanzu kai ne babba, namiji ba ya kuka. Idan a tsakiyar damina abin ya faru, masara na jiran taki na biyu, ga bashin wanda aka zuba na farko, ga maganar ko za a raba gandu ko za a jinginar da gona. Shi ba shi da ɗakin uwa da zai shiga ya rufe. Marubutanmu, waɗanda yawancinsu mata ne masu rubuta wa mata, sun bar shi a zaure. Ko ya fito a labari, to ya riga ya girma ya zama miskilin attajiri da ake cewa maraici ne ya taurara masa zuciya.

Ni na san inda wannan yaro yake kai baƙin cikinsa: gidan kallon ƙwallo. Ba garin da za ka shiga daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ka bi ta Ɗanja ko Ƙafur, ba ka ga rumfar kwano da bencina da janareta da allon da aka rubuta wasannin ranar da alli ba. A nan ne kaɗai aka yarda saurayin Bahaushe ya yi ihu, ya dafe kai, ya rungumi wanda bai sani ba, idonsa ya yi ja ba a tambaye shi dalili ba. Kuma kulob gado ne. Saurayin da ya kama Arsenal a 1999 saboda Nwankwo Kanu, yau magidanci ne mai ɗa matashi, ya cika masa kunne da labarin 2004 da aka gama kaka ba a ci su ba. Ko dai ɗan ya gaji kulob ɗin, ko kuma, wanda ya fi daɗi ga mai rubutu, ya kama Chelsea don ya samu abin tsokanar tsohonsa. Ka tuna tsakanin uba da ɗan fari akwai kunya, ko sunansa ba ya faɗa, balle wasa. Adawar ƙwallo ita ce ƙaramar kafar da suke iya yi wa juna dariya. Kafin ƙwallo, dambe ya yi wannan aiki bayan kaka, gida ya san ko 'yan Kudu ne su ko 'yan Arewa ko Guramada.

To a ce marubuci ya ɗauki Asabar ta farko bayan sadakar bakwai. An ci kulob ɗin Baba uku da nema. Yaron ya fito daga rumfa da murna, ya riga ya shirya maganar da zai jefa idan ya isa gida, sai da ya kai kwanar layinsu. Wannan dabarar gurbi ce dai, irin ta kwanon tuwo, an kawo ta ɓangaren maza. Ko kuma ya wayi gari yana goyon bayan kulob ɗin da ya shekara goma yana zagi, abokai na ce masa ya yi ridda, shi kuwa ba zai iya faɗin dalili ba. Yarinyar da za ta gane dalilin ba tare da an gaya mata ba, ita ce son farkonsa, kuma a nan labarin soyayya ya samu tushe wanda ya fi haɗuwa a wurin biki.

Amurkawa sun daɗe da gano wannan a wasansu na besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki. Suna da tarin littattafan matasa da finafinai da uba da ɗa ba su da abin da ya haɗa su sai kulob. A fim ɗin Field of Dreams na 1989, manomi ne a jihar Iowa ya sare masararsa ya yi filin wasa, a ƙarshe ya yi jifan ƙwallo da ubansa da ya rasu. Mu ba ma buƙatar dawo da mamaci, aƙidarmu ba ta ɗauka, kuma dabarar gurbi ta fi ƙarfi tun da ba ta yi wa kowa alkawarin dawowa. Masarar dai muna da ita, filin makarantar firamare muna da shi, Katsina United da Kano Pillars muna da su, har da Ahmed Musa da ƙwallayensa biyu a ragar Iceland a 2018 da kowane yaro ya san inda yake zaune lokacin da suka shiga.

Masu cewa maza ba sa karanta littafin Hausa su fara tambayar kansu me aka rubuta musu. Samarin da ke zuba dogayen sharhin wasa da Hausa a Facebook duk daren Lahadi sun iya rubutu, sun iya zolaya, sun san yadda ake riƙe mai karatu. Ga marubutan Funtuwa da Malumfashi da Bakori, maza da mata, kirana shi ne kada sukar nan ta sa ku daina rubuta maraici. Ku rubuta shi da kyau, ku bar mutuwar ta yi nauyinta fiye da shafi biyu, sannan wani daga cikinku ya bi yaron nan zuwa gidan kallo ya rubuto mana shi.