A Daina Sauya Wa Makafi Waya Ba Da Shawararsu Ba

Kamfanonin waya da na kwamfuta sun ɗauki wata al'ada da suka mayar kamar farilla: kowace shekara sai an fito da sabon tsari, an sauya wa madannai wuri, an canza yadda ake shiga da fita. Mai ido yakan yi ɗan tsaki na kwana biyu, ya saba, ya wuce. Makaho kuwa sau da yawa asarar ƙwarewar shekaru yake yi a dare ɗaya. Ra'ayina shi ne duk sabuntawar da ba a gwada ta a hannun masu lalurar gani ba kafin a sake ta, ba ta cancanci a kira ta ci gaba ba.

Wanda bai taɓa zama kusa da makaho yana sarrafa wayar shafa ba, zai yi masa wuya ya gane girman abin. A wayoyin Android akwai manhajar TalkBack, mai karanta duk abin da ke fuskar waya da murya. Mutum ya ja yatsa dama, ta faɗi abu na gaba. Ya ja hagu, ta koma baya. Ya ƙwanƙwasa sau biyu, abin ya buɗe. Ƙwararru sukan ƙara saurin muryar har mai ido ya kasa tsintar kalma ɗaya, su kuwa suna fahimta sarai. Ba sa jiran a gama karanta musu komai, domin hannu ya riga ya haddace hanya: ja uku a kai ga saƙonni, ja biyar a kai ga wurin tura kuɗi. Wannan haddar ita ce jarinsu, kuma ita ce sabuntawa take fara rushewa.

Fasahar nan ta yi wa makafi alheri mai yawa. A 2006 Michael Curran, makaho ɗan Ostareliya, ya fara gina NVDA, James Teh ya haɗu da shi, suka ba duniya mai karanta allon kwamfuta kyauta a lokacin da takwaransa JAWS ya fi ƙarfin aljihun talaka. A 2009 Apple ya sa nasa mai karanta allo, VoiceOver, a iPhone 3GS. Daga baya wayoyin Tecno da Infinix da itel masu araha suka kawo abin har ƙauyukanmu. Yau a Mainika da Getso da Lakwaya, ko can wajen Garo a ƙasar Kabo, za ka sami makahon da ke sauraron tafsiri, ya aika saƙon murya a WhatsApp, ya ji shigowar kuɗinsa, ba tare da ya miƙa wa ɗan jagora ko maƙwabci wayarsa ba. Abin da ya samu ya wuce sauƙi. Sirrinsa ne ya dawo hannunsa. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, da kowa ya koma tura kuɗi ta waya, an ga bambancin wanda ke iya yi da kansa da wanda dole sai ya faɗa wa wani lambar sirrinsa.

To amma dubi yadda ake wasa da wannan 'yanci. Android 10 ya zo a 2019 da tsarin ja da yatsa a madadin madannai uku na ƙasan allo, alhali jan yatsa shi ne harshen da makaho yake magana da wayarsa tun farko. Samsung ya daɗe da nasa mai karatu, Voice Assistant, sannan da tsarin One UI 3 ya ajiye shi ya koma TalkBack, waɗanda suka saba da wancan suka koma ɗalibai. Ko NVDA da nake yabo, babbar fitowarsa ta farkon kowace shekara takan tsayar da wasu ƙananan manhajojin da aka jingina masa har sai masu su sun gyara.

Akwai wani dattijo mahaddacin Alƙur'ani a yankinmu da ya rasa ganinsa tun yana saurayi. Wata safiya wayarsa ta sabunta kanta, manhajar bankinsa ma ta bi sahu. Da ya shiga, duk inda yatsansa ya sauka sai muryar ta ce madanni ne, ba suna, ba bayani. Huɗu a jere, bai san wanne ne na tura kuɗi ba, wanne ne na sayen kati. Ya ce da ni: "Ɗana, kamar na kwanta a ɗakina ne aka shigo da dare aka sauya wa kowane kaya wuri." Ranar sai da ya kira jikansa ya karanta masa abin da ke asusunsa.

A birni, mai irin wannan matsala zai iya samun abokan da suka yi karatu a makarantar Tudun Maliki ko sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero su warware masa. Mutumin Mainika fa? Sai ya kai wa mai gyaran waya a Gwarzo, ko ya biya kuɗin mota zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Yawancin masu gyara ba su san TalkBack ba. Da sun taɓa allo suka ji waya na magana, ta ƙi buɗewa da taɓawa ɗaya, sai su ɗauka cuta ce, su kashe muryar, wani ma ya yi mata filashin. Saurin murya da aka daidaita, da lambobin da aka jera, duk sun tafi. Ga tsadar data, ga kuɗin caji a shago.

Sai kuma batun harshe. Muryar da akasarin mutanenmu ke amfani da ita ta Turanci ce, tana karanta Hausa a karkace, ta yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Makaho ya yi haƙuri ya horar da kunnensa har ya gane karkatar. Idan sabuntawa ta sauya muryar, wannan horon ma ya koma farko. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, don haka ba za a ce ba a san da mu ba.

Na san hujjar kamfanoni, kuma tana da ƙarfi: wayar da ba a sabunta ba ƙofa ce ga ɓarayin intanet. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma duk ɗalibin da ya zauna a kansa yana cikin haɗari. Ban ce a daina toshe ɓaraka ba. Amma toshe ɓaraka daban, sauya fasali don ƙawa daban, kuma haɗa su a ƙunshi ɗaya tilasta wa makaho ne ya zaɓa tsakanin tsaron kuɗinsa da iya sarrafa wayarsa. Wannan ba adalci ba ne.

Ba kuma mutane kaɗan ake magana a kansu ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta makafi fiye da miliyan ɗaya a cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar da ta wajabta wa bankuna da masu ƙera waya kula da naƙasassu daga 28 ga Yuni 2025. Mu ma muna da dokar hana nuna musu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da hukumar naƙasassu ta ƙasa da aka kafa a 2020. Sai dai hankali ya fi karkata ga matakalar gine-gine, alhali bankin mutumin ƙauye yau a cikin wayarsa yake.

Saboda haka Babban Bankin Najeriya ya kamata ya sharɗanta wa kowane banki cewa kada ya saki sabuwar manhaja sai kowane madanni yana da suna, kuma sai makafi sun gwada ta an biya su ladan aikinsu. Kamfanonin waya su bar wa mutum damar komawa tsohon fasali, su yi masa bayani da murya kafin a sauya komai. Ƙungiyoyin masu gyaran waya a Gwarzo da Kabo su gayyaci makafin da suka ƙware su koya musu. Darasin yini ɗaya ya isa. Mu kuma 'yan uwa, kada mu danna wa makaho sabuntawa sai mun tambaye shi, domin wayarsa ce, shi zai kwana da abin da ya biyo baya.