Nauyin Ƙarfe da Fuskokin da Aka Goge: Sharhi a Kan Cybernator

Na san wasu za su ce me ya haɗa sharhin adabi da wasan yara. Ku ba ni aron hankalinku kaɗan. Wasan da zan yi magana a kansa labari ne na yaƙi, kuma abin da aka yi wa labarin nan yayin da aka fitar da shi daga ƙasarsa ya shafi duk mai fassara, duk mai tace labari, da duk wanda ya taɓa yanke wani abu daga aikin wani yana cewa masu sauraro ba za su iya ɗauka ba.

Sunan wasan na asali Assault Suits Valken. Kamfanin Masaya na Japan ne ya fitar da shi a ƙarshen 1992 don na'urar Super Famicom, wadda a waje aka sani da Super Nintendo. A 1993 kamfanin Konami ya kai shi Amurka da sunan Cybernator, kuma da wannan suna na fara saninsa, a wani tsohon kaset na gwanjo da muka riƙa juyawa tsakaninmu muna yara. Labarinsa gajere ne. Man fetur ya kusa ƙarewa a duniya, manyan ƙawancen ƙasashe biyu suna yaƙi a kan abin da ya rage da kuma mallakar filin wata. Kai ne Jake Brain, sojan da aka ɗauka aka zaunar cikin wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai tafiya da ƙafa biyu, kana tashi daga jirgin yaƙin da ake kira Versis. Zango bakwai ne daga farko zuwa ƙarshe.

Abin da ya fara kama mutum shi ne nauyi. A yawancin wasannin wancan zamani, jarumi kamar fara yake, kana taɓa madanni ya yi sama. A nan kuwa sai ka ji kamar babbar mota ka tayar da lodi a bayanta. Ƙarfen yana ɗaga ƙafa da ƙyar, in ya yi tsalle ya dira sai ka ji dim! Bindigar ma ba ta juyawa nan take, a hankali take ɗagowa tana sauka, sai ka riƙe madannin L kafin ta tsaya inda ka saita ta. Wanda ya fara bugawa zai yi ƙorafi cewa abin ya yi nawa. Da gangan aka yi. Jinkirin nan tsakanin abin da ka nufa da abin da ƙarfen ya aikata, shi ke tuna maka cewa akwai ɗan Adam ƙarami a ciki yana fama da injin da ya fi ƙarfinsa.

Masu zanen sun bi wannan tunani har cikin ƙananan abubuwa. Kwanson harsashi yana zubowa in kana harbi. Harsashi yana barin tabo a jikin bango, wani kuma ya daki ƙarfe ya dawo. A wasu wurare za ka ga sojojin abokan gaba a ƙasa, ƴan mitsi-mitsi, ko gwiwarka ba su kai ba, suna gudu suna harbinka da bindigogin da ba sa yi maka komai. Da ka gan su ka san girman abin da kake tuƙawa, kuma ka san abin da harbinka ɗaya zai yi musu. Ba wanda ya tsaya yi maka wa'azi a kan haka. Gani ya kori ji.

Haka kuma wasan ya yarda ka gaza. A zango na uku akwai wani sansanin soja da aka gina a kan ƙaton dutsen sararin samaniya, sunansa Arc Nova, wanda abokan gaba suka tunkuɗo don ya faɗo duniya, kuma aikinka ne ka lalata injinansa kafin lokaci ya ƙure. In ka kasa, ba a cewa ka sake. Labari ya ci gaba, ka shiga zango na huɗu kana faɗowa daga sama kana yaƙi, kana ganin kamar ka sha. Sai a can ƙarshe sakamakon ya riske ka, domin wasan ƙarshe biyu gare shi, mai daɗi da mai ɗaci. Kaɗan ne daga wasannin harbi na lokacin suka yi wa mai wasa irin wannan hisabi.

To, sai mu zo inda gizo ke saƙa. A fitowar Japan, duk sa'ad da wani ya yi magana ta rediyon soja ana tsakiyar faɗa, fuskarsa tana bayyana kusa da rubutun. Satoshi Urushihara ne ya zana mutanen labarin. A Cybernator an goge fuskokin nan, an kuma rage maganganun. Sannan an cire wani wuri a zango na ƙarshe, inda Jake ya kutsa babban birnin abokan gaba ya iske shugabansu, shi kuma da ya ga an ci ƙasarsa, ya harbe kansa. A lokacin Nintendo ta Amurka tana da tsauraran dokoki a kan abin da za a nuna. A shekarar 1993 ɗin ce aka mayar da jinin Mortal Kombat ya zama gumi a kan wannan na'ura. Saboda haka cire wurin kisan kai ba abin mamaki ba ne, kuma ni ba zan ɗaure wa nuna shi ga yara gindi ba.

Goge fuskokin ne ban yafe ba. Sana'ata rediyo ce, kullum magana nake da mutanen da ba sa ganina, don haka na san ana iya isar da tsoro da baƙin ciki ba tare da fuska ba. Amma mu muna da murya: rawar da take yi, numfashin da ke yankewa, shirun da ke biyo bayan mummunan labari. Wannan wasa ba shi da muryar ƴan wasa, rubutu ne kawai ke gilmawa a allo. Fuskar ita ce ke yin aikin murya. Da aka ɗauke ta, sai ya zama ba ka bambanta abokinka da maƙiyinka, ba ka san wa ke kiranka ba, in wani ya mutu kuma kamar an kashe fitila ne a gidan da ba naka ba. Mu da muka buga shi muna yara, mun ji nauyin ƙarfen sarai, amma ba mu taɓa sanin akwai mutanen da za a yi wa kuka a ciki ba. An bar mana daɗin harbi, an ɗauke mana kuɗin da ake biya. In don kare yara aka yi, ni ina ganin yaƙin da ba fuska a cikinsa ya fi cutar da yaro.

Ba na cewa wasan ba shi da aibi nasa na kansa. Garkuwar da madannin R ke ɗagawa tana tare kusan kowane harbi kuma ba ta gajiya, har mai wayo ya koyi laɓewa bayanta yana leƙowa, abin da ke rage wa faɗa zafi. Damar sake gwadawa kaɗan ce, ba kuma hanyar ajiye inda ka tsaya, in wuta ta ɗauke sai ka koma farko. Labarin ma, ko a cikakkiyar sigarsa, bai zurfafa cikin dalilan ɓangarorin biyu ba. Ya tsaya ne a kan abin da soja ɗaya ya gani daga kujerarsa. Amma a wannan ɗan fili da ya zaɓa, ya yi gaskiya.

A 2023 an sake fitar da shi a kan Nintendo Switch da sunan Assault Suits Valken Declassified, da sabuwar fassara, an mayar da fuskokin da wuraren da aka yanke. Shekara talatin ke nan kafin masu wasa na wajen Japan su samu aikin a hukumance yadda masu shi suka yi shi. Wanda ya samu hali, wannan sigar zai nema. Wanda kuma tsohon kaset ɗin ke hannunsa, ya buga, zai ji daɗinsa, amma ya sani rabin labari aka ba shi.

Ni kuwa darasin da na ɗauka na aikina ne. Duk ranar da na zauna tace rahoton wani rikici, na ga hannuna ya nufi muryar uwar da ke kuka don kada ta tayar wa masu sauraro hankali, alhali na bar adadin motoci da bindigogi, sai in tuna Cybernator in dakata. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar labari.