Zauren Rum da Ramukan Nok: Abin da Gidan Tarihi Ba Ya Nunawa

A gidan tarihi na fadar Fafaroma da ke birnin Rum akwai wani dogon zaure da ake kira Braccio Nuovo. Rufinsa doro ne mai ado, haske yana saukowa ta sama, daɓensa kuma an shimfiɗe shi da mabul da ƙananan duwatsu masu launi. Dama da hagu an jera sassaƙen sarakuna da jarumai na Rumawan dā, kowanne a cikin gurbinsa. Wanda ya fi shahara shi ne na sarki Ogustus, wanda aka tono a 1863 a kangon gidan matarsa Libiya a Prima Porta, arewa da birnin. Mai ziyara yakan rage murya da zarar ya shiga, ko ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Ginin ne yake sa shi hakan, kuma da gangan aka gina shi don ya yi wannan aiki.

Al'adar tara sassaƙe a zaure guda don jama'a su zo kallo ba Rumawan dā suka kafa ta ba. A 1471 Fafaroma Sixtus na huɗu ya bai wa mutanen birnin wasu tsofaffin sassaƙen tagulla, daga nan gidan tarihin Kapitolin ya samo tushe, sai a 1734 aka buɗe shi ga kowa. Masu sassaƙen kuwa don dandali da kasuwa da gidan wanka da makabarta suka yi su. Da yawa ma kwaikwayo ne na ayyukan Girkawa na tagulla da suka salwanta. Wasu an same su ba hanci, ba hannu, masu gyara na baya suka ƙera musu sababbi.

Babban abin da zauren ya ɓoye shi ne launi. Ƙarni bayan ƙarni Turawa suna yabon farin mabul a matsayin ƙurewar kyau, alhali masu shi fenti suke shafa masa: ja a leɓe, launi a gashi da riga da ƙwayar ido. Ruwa da ƙasa da hannun masu gogewa ne suka cinye fentin. A jikin Ogustus ɗin nan ma an gano ɓurɓushinsa. Binciken Vinzenz Brinkmann da abokan aikinsa, wanda aka fara baje kolinsa a Munich a 2003, ya nuna yadda suke da launinsu, mutane da yawa kuma ba su ji daɗin gani ba, domin idonsu ya riga ya saba da farin.

Ina kawo wannan ne saboda ɗalibin da ke unguwar Sauka Kahuta a Minna, wanda yake ganin hotunan waɗannan zaurukan a waya yana jin tarihi na wasu ne. Ƙasar da yake takawa tana gefen yankin da aka yi ɗaya daga cikin tsofaffin al'adun sassaƙa na Afirka. Masana sun shata yankin al'adar Nok tun daga wajejen Kagara a nan Jihar Neja har Katsina-Ala a Binuwai. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da ɗan kan gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna. A 1943 aka samu wani a Jama'a, wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doyarsa don korar ɓarna, kafin ya isa hannun Bernard Fagg, mutumin da ya kafa gidan tarihin Jos a 1952. A Taruga, kusa da Abuja, an tono matoyan narka ƙarfe tare da irin wannan yumɓu. Wasu kawunan Nok sun girmi Ogustus da ɗaruruwan shekaru.

To amma irin kuskuren da aka yi wa Rum shi ake yi wa Nok. Je ka duba yadda ake nuna su: kai guda a kan dakali, a cikin gilashi, fitila na haska idanun nan masu kusurwa uku da hudar tsakiya. Fuskar tana da kaushi, har wasu suna ɗauka salon maginan ne. Ba haka ba ne. Asali an shafe ta da ruwan yumɓu mai laushi an goge ta ta yi sumul, zaman ƙasa ne ya zaizaye shi. Kan ma yawanci gutsure ne daga cikakken jiki.

Masu bincike daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, sun soma tono tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 2005. Abin da suka gano ya fi kowane kyakkyawan kai daraja a wurina. Mutanen Nok sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna noman gero da wake. A cikin tukwanensu an samu alamar kakin zuma, wato suna cin zuma. Sassaƙen kuma kusan kullum a farfashe ake samun su, an tara gutsattsarin a rami, sau da yawa kusa da wuraren da ake kyautata zaton kaburbura ne, abin da ke nuna fasa su aka yi da niyya. Duk wannan ba a fuskar sassaƙen aka karanta shi ba. Daga gawayi da tsaba da tsingaron da ke kwance kusa da shi aka sani. Daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014 gidan Liebieghaus na Frankfurt ya baje waɗannan kaya kusa da na Masar da Girka da Rum, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun gaza ba.

Nan ne ɓarnar haƙar sata take da zafi. Mai haƙa da diga cikin dare kai kawai yake nema, ya watsar da gawayin da zai faɗi shekaru, ya sayar wa dillali a kuɗin da bai kai ya kawo ba. Mafi yawan wuraren da masu binciken suka isa, sun tarar an riga an yi musu kaca-kaca. Haka aka yi wa sassaƙen yumɓu na yankin Sakkwato da Katsina, waɗanda kusan duk abin da duniya ta gani nasu ta hannun 'yan kasuwa ya fita, shi ya sa har yau bayanin masu yin su ƙalilan ne. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta saka Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ke cikin haɗarin sata. A shekarar ce kuma aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan Louvre na Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, sai a 2002 Faransa ta amince mallakin Najeriya ne, ta riƙe su aro na shekara 25.

Akwai kuma ƙyamar da yawancinmu muke yi wa duk abin da ya yi kama da gunki, kuma na fahimci tushenta a addini. Sai dai wanda ya tsaya gaban gilashi yana tambayar wa ya gina wannan, da wace ƙasa, me yake ci, ba bauta yake yi ba, labarin mutanen da suka shuɗe yake bi. Wannan ƙyamar, idan ta zama ko-in-kula, dillali take yi wa aiki, domin manomin da ya ɗauki abin da garmarsa ta tono a matsayin ƙazanta zai rabu da shi a kan ko nawa aka taya.

Minna tana da gidan tarihi na ƙasa, Kaduna da Jos ba su da nisa, makarantu kuma sukan kai yara yawon buɗe ido. Abin da na ƙi a irin wannan fita shi ne jera yara su wuce a layi, a ɗauki hoto, a koma mota. Malami ya tsayar da su a gaban abu guda, ya sa su karanta takardar da ke ƙarƙashinsa, su tambayi jami'in wurin a wane ƙauye aka tono shi, a wace shekara, me aka samu tare da shi. Idan takardar ba ta faɗi wurin ba, ya bayyana musu dalili, ya kuma gaya musu ofishin da za a sanar in an ci karo da irinsa a gona ko wurin haƙar zinariya, kafin kowa ya ɗaga shi daga inda yake kwance.