Kitsen Rogo da Maganar Wadar Zuci: Ɗan Tsokaci

Duk wanda ya taɓa nazarin ƙagaggun labaran Hausa, ko da a shekararsa ta farko ce a jami'a, ya san littafin Kitsen Rogo na Malam Abdulƙadir Ɗangambo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1978. Labarin ba shi da wuyar riƙewa. Saurayi ne, Ibrahim, ya raina zaman ƙauye, ya nufi birni neman arziki, ya faɗa hannun miyagun abokai, aikin assha ya kai shi kurkuku, daga ƙarshe ya komo gida. Sunan littafin ma ya riga ya gama faɗin jigonsa, domin Bahaushe kan ce ana yi wa rogo kallon kitse, wato birni daga nesa fari ne fat, sai an gatsa a ji ashe rogo ne.

Ba niyyata ba ce in feɗe littafin daga zubi da tsari har zuwa salo, malamanmu sun riga sun yi wannan. Abu guda nake so mu duba, shi ne darasin da muka saba cewa littafin yana koyarwa, wato wadar zuci. Abin da ya jawo hankalina kuwa shi ne yadda a 'yan shekarun nan nasihohi suke ta yawo a wayoyinmu game da yadda mutum zai sauƙaƙa rayuwarsa ya sami kwanciyar rai, a ce rage buri, a ce daina hangen na wani, a ce gode wa ɗan abin da ke hannunka. Yawancinsu fassara ce daga Turanci, alhali kuwa adabinmu ya daɗe da tauna wannan magana. A ganina Kitsen Rogo ya tauna ta, amma ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato wadar zuci da zaman gida.

Kafin in ci gaba, adalci ne a tuna lokacin da aka rubuta shi. An yi fari mai tsanani a 1973. A farkon 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji har da na baya, birni ya cika da babura da rediyo, ɗan ƙauyen da ya zo cin rani ya ga masinja ya fi mai gonar ƙauyensu walwala. A wannan shekarar ce kuma cuta ta naƙasa gyaɗa a ƙasar Kano, abin da manomi ya dogara da shi wajen samun kuɗi. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirinta na ciyar da ƙasa, ana ta kiran jama'a su koma gona. Saboda haka marubucin bai ƙago matsala ba, ya ga samari suna kwarara cikin Kano, ya ga abin da wasunsu suke zama, ya yi gargaɗi. Wannan gargaɗi gaskiya ne, kuma har gobe duk wanda ya ratsa tashar mota da dare zai gaskata shi.

To, amma fa mu dubi yadda aka gina labarin. Ƙarfinsa duk yana wajen ɓarnar birni. Ƙauye kuwa shi ne wurin da aka baro, shi ne kuma wurin da aka koma, kamar dai komawar ita ce maganin. Mai karatu yakan rufe littafin da tunanin cewa da Ibrahim ya zauna gida da ya zauna lafiya. A nan ne ni, da na tashi a kudancin Kano, nake jin maganar ba ta cika ba.

Ga dalilina. 'Yan shekaru kafin a yi wannan kira na a koma gona, daga 1971 zuwa 1974, gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a ƙasar Bebeji. Ruwan ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, wannan ba mai musu. Sai dai kuma ruwan nan a kan gonaki da fadamu da kushewun mutane ya kwanta, aka tashi dubban jama'a aka mayar da su tudu, inda ƙasar ba ta kai wadda suka baro albarka ba. Yanzu a ce saurayi daga cikin waɗannan ya karanta Kitsen Rogo. Wace gona zai koma? Shi bai yi wa rogo kallon kitse ba, rogon ma an raba shi da shi. In ya tafi birni, ba kwaɗayi ne ya kai shi ba, kuma in aka ce masa ya yi wadar zuci ya zauna, an ba shi amsar tambayar da bai yi ba. Haka nan mutumin Doguwa ko Tudun Wada da gonarsa ke bakin dajin Falgore, a shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka addabi dajin. Ƙauyen da ke cikin littafi yana nan daram yana jiran ɗansa, na zahiri kuwa ba kullum yake jira ba.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi ba ni sha'awa, domin ya juya maganar baki ɗaya. A garin Bebeji aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa 'yan fatauci. Bai zauna gida ba. Ya bi hanyar Gwanja, ya kai Ankara, ya yi fataucin goro, ya dawo Kano ya shiga sayen gyaɗa, har ta kai a 1929 ya ajiye kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 a bankin da aka buɗe a Kano. Ya rasu a 1955. In da ma'aunin Kitsen Rogo za a bi, wannan yaro ne da ya bar gida don neman dukiya, ya kamata a ce ya lalace. Amma abin da aka fi tunawa da shi, bayan dukiyar, shi ne tsimi da sauƙin kai. Ana ba da labarin cewa tun yana yaro yake tara 'yan kuɗinsa a asusu, kuma da ya yi arziki bai ɗauki almubazzaranci ba. Na san labarin masu kuɗi yakan sha gyara a bakin jama'a, don haka ba na cewa a haɗiye shi duka. Abin da nake cewa shi ne, su kansu Hausawa da suke ba da wannan labari sun nuna cewa a wurinsu wadar zuci ba ta hana tafiya, ba ta kuma hana nema. Hali ne da mutum yake ɗauka ya tafi da shi, ko Gwanja ko Sabon Gari. Ibrahim ba don ya bar ƙauye ya lalace ba, don ya bar shi ba tare da wannan hali ba ne. Irinsa ko ya zauna gida zai sayar da hatsin gandu ya kashe a dandali.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne babban giɓi, ba a wannan littafi kaɗai ba, har a yawancin rubutunmu na gargaɗi. Muna yabon wadar zuci kamar wani haske ne da ke sauka a zuciya bayan mutum ya sha wuya. Amma wanda ya zauna da tsofaffinmu ya san aiki ce ta yau da gobe, kuma tana da ƙa'idoji. Maigida ba ya buɗe rumbu da kaka don ya ga ya cika, yakan rufe shi ya lallaɓa da ɗan abin da sana'ar rani ta kawo, ko saƙa ko jima ko ɗan koli, don hatsin ya kai shi lokacin da aikin gona ya yi tsanani. Matar gida tana zubin adashi, tana kiwon 'yar akuya, don ranar biki ko ciwo kada a ci bashi. Ana yin gayya, wanda ya ci tuwon gayyar wani ya san shi ma za a zo masa. Ana auna biki da ƙarfin gida, ko da yake a nan ne muka fi faɗuwa, domin lefe da kayan ɗaki da gara sun rusa rumbunan da fari bai rusa ba. Waɗannan su ne wadar zuci in an sauko da ita ƙasa. Kuma duk cikinsu akwai labari, akwai rikici, akwai abin da marubuci zai gina babi a kai. Maigidan da matarsa ke zuga shi ya buɗe rumbu don auren 'yarsu, shi kuma yana lissafin watannin da suka rage kafin sabon gero, ai wannan tauraro ne da ya isa a rubuta littafi a kansa.

Sannan kuma ba kowa ne ke da ikon bin waɗannan ƙa'idoji ba. Baturiyar nan Polly Hill, a nazarin da ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka buga a 1972, ta nuna yadda matalaucin manomi yake sayar da hatsinsa da kaka lokacin da yake da araha, saboda bashi da haraji, sannan ya dawo yana awo da damina lokacin da ya yi tsada, har ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. Wannan mutum bai rasa hankali ba, bai kuma rasa godiyar Allah ba, rara ce ba shi da ita. Duk wanda ya ga yadda farashin kwanon masara ya tashi bayan cire tallafin man fetur a 2023 ya san maganar ba ta tsufa ba, je ka kasuwar Kwanar Ɗangora da kaka ka ga wa ke sayarwa, wa ke saye yana tarawa.

A nan nake ganin wani tsohon malami ya riga 'yan boko hangen nesa. Alhaji Umaru Salaga, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, ya yi waƙa a kan talauci da wadata. Bai tsaya yi wa matalauci wa'azin haƙuri kaɗai ba, ya nuna yadda jama'a suke wulaƙanta marar shi suna girmama mai shi, ko da kuwa marar shi ne ke da gaskiya. Wato ya juya madubin ya haska mu, masu kallo. Domin me ya kori Ibrahim da ire-irensa daga gida in ba wannan ba? Yaro yana gani wanda ya dawo daga birni da agogo da rediyo shi ake shimfiɗa wa tabarma, shi ake ba 'ya, shi kuwa da ya yini a kunya ko sannu ba ya samu. Garin da ke yin haka ba shi da bakin cewa yaro ya yi kwaɗayi. Kitsen Rogo ya hukunta yaron, ya hukunta birni, amma a karatuna bai tsananta wa ƙauyen da ya koya wa yaron wannan ma'auni ba.

Wani zai ce ai littafi ƙarami ne, an yi shi don 'yan makaranta, ba a ɗora masa kayan da ba nasa ba. Na yarda, kuma shi ya sa ban ce a jefar da shi ba. Ƙorafina ya fi karkata ga yadda muke karanta shi. In aka tambayi ɗalibi jigon littafin, sai ya rubuta illar ƙaura daga ƙauye zuwa birni, a ba shi maki, a wuce. Ba a tambayarsa me Ibrahim zai ci a bazarar farko bayan komawarsa, ko wa zai ba tsohon ɗan kurkuku aron iri da taki, ko gonar gandun za ta isa in an raba ta tsakaninsa da 'yan'uwansa. Da malamanmu za su sa wannan a jarrabawa, ina jin ɗaliban da suka fito daga Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa za su cika takarda har su nemi ƙari.