Sharhi Kan Hanyoyin Gano Tsutsar Cuta a Jikin Halittun Ruwa: Daga Ƙaguwar Teku Zuwa Katantanwar Fadamar Auyo

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna hanyar da aka saba bi wajen gano tsutsar tsargiya a jikin katantanwa, mu ga ko ta isa a dogara da ita a fadamar Auyo. Za mu fara da darasin da masu nazarin ƙaguwar teku suka koya, domin matsalarsu da tamu iri ɗaya ce.

2.0 Darasin Ƙaguwa

A shekarar 1931 Chatton da Poisson suka bayyana wata ƙwayar cuta mai suna Hematodinium a jinin ƙaguwar gaɓar tekun Faransa. Daga baya an same ta tana kashe shuɗiyar ƙaguwa a gabashin Amurka. Shekaru da dama akan ɗebi jinin ƙaguwa ne a duba da madubin likita. Da gwajin PCR ya samu, watau gwajin da ke neman alamar halittar ƙwayar, sai ya riƙa tono cutar a jikin ƙaguwar da madubi ya ce lafiyarta ƙalau. Ita wannan cuta ta ruwan gishiri ce, ba ta shafi Kogin Haɗeja ba. Darasin ne ya shafe mu: rashin gani ba ya nufin babu.

3.0 Halin Fadamar Auyo

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani kamar dā. Magudanan aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ciyawar kacala sun samar wa katantanwa irin Bulinus mazauni mai ɗorewa. A jikinta ne tsutsar Schistosoma haematobium, mai sa fitsarin jini, take hayayyafa kafin ta huda fatar manomi, ko masunci, ko yaro mai iyo.

4.0 Rauni a Hanyar da Aka Saba

Akan tsinto katantanwa, a sa ta a kwalba cikin ruwa, a haska mata fitila, a jira 'ya'yan tsutsa su fito. Hanyar tana da araha, ba kuwa ƙaramin abu ba ne wannan. Amma muna ganin rauni uku gare ta.

Na farko, tsutsar kan yi wata guda ko fiye a jikin katantanwa kafin ta fara fitowa. Mai binciken da ya duba rana ɗaya tak zai ƙidaya mai ɗauke da cuta cikin masu lafiya.

Na biyu, wanda ya fi tsanani, 'ya'yan tsutsar mutum da na Schistosoma bovis ta shanu ba sa rabuwa a madubi. A fadamar da garken Fulani ke shan ruwa a mashaya ɗaya da mutane, duk adadin da aka samo ta wannan hanya yana iya zama gauraye. Daɗin daɗawa, a 2009 an ba da rahoton barbarar jinsunan biyu a jikin yara a Senegal. Shi kansa gwajin Dra1 na 2001 bai raba su ba.

Na uku, katantanwar kududdufi kan shige laka idan ruwa ya ƙafe, ta farfaɗo da damina. Binciken da bai zagaye shekara ba, rabin labari ya kawo.

5.0 Kammalawa

Ba muna cewa a yar da kwalba da fitila ba ne. Shawararmu ita ce a tsare katantanwa mako shida ana dubawa, a ware wani kaso a yi masa gwajin da ke tantance jinsi, a kuma rubuta wata da mashayar da aka tsinto ta. Da irin waɗannan alƙaluma ne ya kamata a san ƙauyen da za a fara kai wa maganin praziquantel. Kuskuren ƙidaya a ɗakin gwaji, ɗan makarantar Auyo ne zai biya shi da jininsa.