Kalmar "Sinadari" da Koyar da Entalfin Samuwa

Malaman kimiyya a arewacin Zamfara, tun daga makarantun Jangeru da Zurmi har zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, sukan koma Hausa idan Turanci ya cije wa ɗalibai. Wannan ba aibu ba ne. Aibun yana ga kalmar da masu fassara suka damƙa musu, watau sinadari, wadda aka ɗora wa kaya biyu: abin da ba ya warwaruwa zuwa wani abu dabam, kamar oksijin, da kuma abin da aka harhaɗa, kamar ruwa.

Ɓarakar ta fi fitowa a babin entalfin samuwa. Abin nufi shi ne yawan zafin da ke fita ko shiga yayin da mol ɗaya na haɗaɗɗen abu ya samu daga tsantsar abubuwan da suka gina shi, a matsin bar 1, galibi a digiri 25. Alal misali, na ruwa kilojul −286 ne, alamar ragin tana nuna zafi fita ya yi. Na oksijin da haidurojin kuwa sifiri ne, domin daga kansu ake fara awo. To, in malami ya ce sinadari yana samuwa daga sinadarai, kuma na sinadari sifiri ne, me ɗalibi zai kama? Dokar Hess ta 1840, wadda lissafin babin ya dogara da ita, ba ta fahimtuwa sai an raba biyun.

Asalin kalmar ma bai goyi bayan masu fassara ba. Sinadari kayan maƙera ne na lanƙe ƙarfe, an aro sunansa daga nushadir na Larabci, kuma haɗi ne na naitirojin da haidurojin da kulorin. Entalfin samuwarsa kilojul −314 ne. Ke nan an ɗauki sunan haɗi an laƙaba wa abin da ba haɗi ba.

Tsantsa da haɗi sun fi dacewa, ga su kuma a bakin kowane Bahaushe. Sai dai tsantsa ma tana bukatar togaciya. Girafayit da daimon duka tsantsar kabon ne, amma girafayit kaɗai aka ba sifiri, saboda shi ne ya fi zama daram a wannan yanayi. Na daimon kilojul 1.9 ne.