Jarumin da ke Jiran Ayari: Waiwaye kan Final Fantasy XI

Ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2016 ne aka daina karɓar masu shiga wasan Final Fantasy XI ta na'urorin PlayStation 2 da Xbox 360. Masu shiga ta kwamfuta ba a taɓa su ba, har gobe suna ciki, kuma duk wanda ya so yana iya bin su can da sunansa da kayansa. Amma ga wanda ya san wasan nan a gaban akwatin talabijin, da manet a hannu, wannan rana ita ce ranar naɗe tabarma. Faifaina yana nan cikin kwalinsa, ko ƙwarzane babu, sai dai ya zama mabuɗin ɗakin da aka sauya wa kwaɗo. Ba kuka na zo yi ba, don kusan shekara 14 a kan PlayStation 2 ba ƙaramin rai ba ne ga wasa. Abin da nake son dubawa shi ne abin da wasan ya yi wa jarumi, domin a ganina nan darajarsa take, nan kuma aibinsa yake.

Akasarin masu karatu sun san waɗannan na'urori ne ta rumfunan wasa na Maradi ko Yamai, inda samari biyu ke biyan ƴan kuɗi su buga ƙwallo na minti goma, a yi ihu a watse. Akwai wani dangin wasa dabam, wanda Faransawa ke ce wa jeu de rôle, ni kuwa zan kira shi wasan shiga riga, wato mutum ya ɗauki suna da siffa da sana'ar wani, ya rayu cikinsu tsawon labari. Mutanen Damagaram da suka san wasan kara ba za su sha wuyar gane manufar ba. Asalinsa wasan tebur ne, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana yin sa da takarda da alƙalami cikin abokai. Da Japanawa suka ɗauke shi suka sa a na'ura, da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987, sai suka cire abokan, suka bar mutum guda da na'urarsa.

Wannan kaɗaici ya zo da wani alkawari mai daɗi: kai ne zaɓaɓɓe, duniya duka kai take jira. A Final Fantasy VII na 1997 akwai lokacin da wani ƙaton dutse ke rataye a sararin sama yana shirin faɗowa ya hallaka kowa, amma kana iya share mako guda kana tseren tsuntsayen hawa, dutsen ba zai motsa ba sai ka shirya. Mutanen gari suna tsaye inda ka bar su, da maganar da ka bar su da ita a baki. In aka kira ka cin tuwo, ka danna maɓalli, yaƙi ya daskare. Sarauta ce da babu irinta, kuma duk wanda ya taso a kanta ya sangarce.

Ni ma a sangarce na tafi karatu Faransa. Can na fara ganin tsaga a jikin wannan sarauta, a 2001, da Phantasy Star Online na Sega a kan na'urar Dreamcast, wadda ake jona ta da layin tarho. Mutum huɗu ne ke sauka tare a daji ko kogo su kashe dodanni, kuma akwai jerin kalmomi da za ka zaɓa a fassara wa abokin tafiya cikin harshensa, Japananci ko Ingilishi ko Faransanci ko Jamusanci ko Sifaniyanci. Abin ya burge ni, amma bai ƙwace mini kambi ba, don in na gaji da mutane ina iya cire waya in ci gaba ni kaɗai. Final Fantasy XI ne ya toshe wannan ƙofa. Ya fito a Japan a watan Mayu na 2002 a kan PlayStation 2, ya iso mana Turai ta kwamfuta a 2004, sannan ta Xbox 360 a 2006, kuma ta nan na shige shi. Babu shi sai da intanet, sai da kuɗin wata, sai kuma da mutane.

Duniyar ana ce mata Vana'diel, da ƙasashe uku, San d'Oria da Bastok da Windurst, da birnin Jeuno a tsakiya inda kasuwa ke ci. Ranar farko an nuna mini ɗan gajeren labarin maraba, aka sake ni a titi, sai na ga jarumai sun fi ɗari suna kai da kawo, kowa da takobin da ya fi nawa, babu wanda ya ko dube ni. Marubutan wasan sun fahimci matsalar, shi ya sa da farko ba su ce maka zaɓaɓɓe ba, matafiyi mai neman sa'a kawai suke kiranka, ɗaya cikin dubu. Rana tana fitowa ta faɗi ko kana nan ko ba ka nan, kwana guda na can bai cika awa ɗaya ta nan ba. Jirgin ruwan da ke tashi daga Selbina zuwa Mhaura yana da lokacinsa, in ka makara ka tsaya a gaɓa kana kallon bayansa.

Matakai goma na farko mutum yana iya hawansu shi kaɗai, yana farautar zomaye da tsutsotsi a bakin ganuwa. Daga nan sai wasan ya juya masa baya. Dabbar da za ta ba ka maki mai tsoka ta fi ƙarfinka, wadda kake iya kashewa kuma ba ta ba ka komai. Dole ka nufi wani rairayi a bakin teku mai suna Valkurm, ka ɗaga alamar neman ayari, ka zauna. Ayari mutum shida ne, kowa da aikinsa: mai garkuwa da ke jawo fushin dodo kansa, mai farin tsafi da ke warkarwa, masu sara, mai baƙin tsafi da ke jifa daga nesa, da wanda ke zuwa ya tsokano dodo ya gudo da shi sansani. In biyu suka jera saransu na musamman a cikin daƙiƙu kaɗan, sai wani ƙarfi na uku ya fashe, mai tsafi kuma ya ɗora nasa a kai daidai lokacin. In ɗaya ya yi sakaci, shida ne za su kwanta. Mutuwa kuwa ba wasa ba ce a wancan zamani: tana cin wani kaso na makin da ka tara, har tana iya mayar da kai matakin baya, rigar da ka saya jiya ta zame daga jikinka don ba ka kai sa ta ba.

A nan ne nake ganin wasan ya yi abin da babu wani wasan na'urar talabijin da ya yi kafinsa. Da ya hana ka isa da kanka, sai ya mayar da hali ya zama dukiya. A wancan zamani ba a sauya suna, kuma mutanen duniya guda ba su da yawan da za a ɓace cikinsu, don haka wanda ya gudu ya bar ayari cikin yaƙi, ko ya yi wawason ganima, gobe an san shi. Ni mai farin tsafi na zama, ba don tausayi ba, don na lura ana rububinsu ne. Amma sana'ar ta gyara ni. Na koyi zama a baya, idona kan jinin mutum biyar, in bar sara ga wasu, in tashi in taka tafiyar minti goma don tayar da gawar wanda ban sani ba, saboda tayarwar tana mayar masa da wani abu daga makin da ya rasa. Labaran Final Fantasy na dā sun sha yi mini wa'azi kan abota ta bakin ƴan wasan da aka rubuta. Wannan bai yi wa'azi ba, ya dai sa abotar ta zama sharaɗin cin abinci.

Sai kuma batun harshe, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Ba a raba ƴan wasa bisa ƙasa ba: Bajapane da Ba'amurke da Bature duk duniya ɗaya suke, mai kwamfuta da mai talabijin kafaɗa da kafaɗa. Tsakar ranar Asabar a Faransa almuru ne a Tokyo, saboda haka sau da yawa nakan sami kaina ni kaɗai cikin Japanawa biyar. Abin da ya haɗa mu wani ƙamus ne na cikin wasan, ka zaɓi jimla ta fito tsakanin baka kore da baka ja, kowa ya gan ta cikin harshensa. Jimlolin kaɗan ne: gaisuwa, godiya, ban haƙuri, a shirye nake, gudu. Da su muka yi awa uku muna aiki ba tare da saɓani ba, kuma kafin a watse kowa ya rusuna. Na taso cikin harsuna uku, na san yadda ake ciniki a kasuwa da kalma ashirin, amma ban zaci ƙarancin kalmomi zai iya zama kariya ba. Ƙamusun nan ba shi da zagi. Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba: akwai masu rubutawa a gaban sunansu cewa Japanawa zalla suke so, kuma na sha ganin haka bayan na yi awa guda ina jira. Iyakar da masu wasan suka ƙi shatawa, ƴan wasa sun shata ta da hannunsu.

To amma kowane allazi da nasa amanu, kuma amanun wannan wasa lokaci ne. Sai an yi adalci a ce ya ci rayuwar mutane fiye da kima. Wanda ya zaɓi sana'ar da ba a yayi yana iya zama dare guda a Jeuno da alamarsa a sama, babu mai kiransa. Wasu manyan dodanni ba sa fitowa sai sau ɗaya cikin awa 21 zuwa 24, don haka ƙungiyoyi kan tashi cikin dare su yi gadi. A 2008 wata ƙungiya ta yi kusan awa 18 tana fafatawa da dodo guda, Pandemonium Warden, har wasunsu suka fara rashin lafiya suka haƙura, daga baya aka rage masa ƙarfi aka sa wa yaƙin iyakar awa biyu. Abin dariya, duk lokacin da za ka shiga sai an nuna maka gargaɗin kada ka manta da iyali da karatu da aiki. Ga mai na'urar talabijin kuma nauyin ya fi, domin talabijin ta ɗaki ce ba ta mutum ɗaya ba, kuma maɓallin daskarar da yaƙi ya tafi. Sau nawa aka ƙwanƙwasa mini ƙofa na ƙi tashi, don jinin wani baƙo a Osaka yana hannuna? Wannan ba abin alfahari ba ne. Akwai jarrabawar da na san dalilin da ya sa na maimaita ta.

Masu wasan sun ji koken. World of Warcraft ya riga ya nuna tun 2004 cewa jama'a sun fi son wasan da ake iya hawa ba tare da roƙon kowa ba. A 2008 aka ba babba damar saukowa matakin ƙarami su yi ayari tare, wanda gyara ne mai kyau ƙwarai. A ƙarshen 2013 kuma aka kawo tsarin da ake kira Trust, inda kake kiran abokan tafiya na na'ura, mai garkuwa da mai warkarwa, su bi ka ba gardama ba gajiya. Na gwada. Abin da a dā ke cin wata guda na gama shi cikin ƴan kwanaki, na ga sassan labarin da ban taɓa isa gare su ba, kuma wasu suna da kyau matuƙa. Ga mai iyali da aiki wannan rahama ce, ba ni da bakin sukarta. Sai dai da na ratsa rairayin Valkurm da bayina biyar a baya, ban tarar da kowa ba sai ƙaguwa. An mayar mini da kambina, na koma sarkin da duniya ke jira, kuma na gane ban yi kewarsa ba.

Ban yarda cewa zaɓi biyu ne kawai ba, ko dai wahala da mutane ko sauƙi da kaɗaici. Demon's Souls na FromSoftware, wanda ya fito a kan PlayStation 3 a 2009, ya bi wata hanya ta uku da ta fi dacewa da mai manet. Kai kaɗai kake tafiya, amma kana ganin inuwar wasu suna wucewa, ka taɓa tabon jini ka ga yadda wani ya mutu a wurin, ka karanta gajeren saƙon da wani ya bari a ƙasa, ka kira baƙo ya taya ka yaƙi guda ya ɓace. Jagoran wasan, Hidetaka Miyazaki, ya ce tunanin ya zo masa ne ranar da motoci suka maƙale a kan tudu mai ƙanƙara, baƙi suna tura juna ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya sami damar tsayawa ya yi godiya. Dabara ce mai kyau, ba ta cin daren kowa. Abin da ba ta bayarwa shi ne gobe: baƙon nan ba za ka sake ganinsa ba, saboda haka ba ka da sunan da za ka tsare. Su ma kwamfutocin da ke riƙe da waɗannan inuwoyi an kashe su a watan Fabrairu na 2018, amma shi faifan yana aiki, sai dai gidan ya yi tsit.

In aka tambaye ni wane yanki na Final Fantasy XI ya fi zama mini, ba zan ambaci wani dodo ba. Jirgin Selbina zan ambata. Tafiyar wajen minti 15 ce, babu abin yi cikinta sai kamun kifi ko kallon ruwa, wani lokaci ƴan fashin teku su faɗo. Duk mai tsara wasa na yau zai yanke ta ya sa maɓalli guda a madadinta. Wata Asabar mun sauko daga rairayi, ayari ya watse, saura ni da wani mai garkuwa Bajapane da ya mutu sau biyu a hannuna ranar. Muka zauna a bayan jirgi. Ya aiko mini da jimlar godiya tsakanin bakan nan kore da ja, na mayar masa da ta ban haƙuri, ya jefa ƙugiyarsa cikin ruwa, muka yi shiru har Mhaura.